Kwamfutata tana mutuwa ta sake tashi ana tsakar ɗora mata Windows, a taimaka

Sani_Lopere:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a nan Garwa, kuma kwamfutar da nake cin abinci da ita ta tsaya. Ta tebur ce, ta hannu na saye ta, Core i5 na ƙarni na 3, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 8, diski mai juyawa na giga 500. Ta yi nauyi ƙwarai, sai na kwashe takardun mutane na zuba a diskin waje, na ce bari in goge ta in ɗora Windows 10 sabo. Da kilen USB nake yi. Komai na tafiya daidai har wurin da take shirya fayiloli tana ƙirga kashi-kashi, sai sikirin ya yi baƙi, ta tashi daga farko. Yanzu ba tsohon Windows, ba sabo. Ga ɗalibai suna ta zuwa da takardun neman shiga jarrabawar gasa, ina ba su haƙuri suna komawa. Wanda ya san kan abin nan don Allah ya taimaka.

Dan_Dang:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Wannan mai sauƙi ne. Windows dama yana sake kunna kwamfuta da kansa ana cikin ɗora shi, kuma ba sau ɗaya ba. In ka sa kilen a gaba a cikin BIOS, wato saitin da kwamfuta ke bi wajen tashi, to duk tashin da za ta yi ta kansa za ta sake bi, ta mayar da kai shafin zaɓen harshe. Da zarar ta mutu ka zare kilen, za ta ci gaba daga diski.

Habiba_Kusuri:
Haka ya faru da ni a bara. Zare shi kawai na yi, ta wuce.

MaiGyara_Domayo:
Ku dakata tukuna. Maganar @Dan_Dang gaskiya ce, amma ba kowane tashi ne irin wannan ba, kuma in ba a bambance ba za a yi ta ba Malam Sani maganin ciwon da ba shi ne da shi ba. Tashin da Windows ke yi da kansa yana zuwa ne bayan layukan matakan ɗorawa duka sun samu alamar kammalawa, sannan ya rubuta cewa zai sake kunnawa, ya ƙirga daƙiƙa 10 a gabanka. Wannan lafiya ne. Wanda sikirin zai ɗauke ba sallama ana tsakar ƙirga kashi, wannan matsala ce.

Malam Sani, amsa min waɗannan. Kana ganin ƙirgar daƙiƙa 10 ɗin? A kashi nawa take mutuwa, wuri ɗaya ne kullum ko yana canzawa? In ta mutu, fankar ciki tana tsayawa cak sannan ta sake juyawa, ko ba ta tsayawa? Akwai shuɗin sikirin mai rubutu ko da na ƙiftawar ido ne?

Sani_Lopere:
Na gode Yaya. Ba ƙirgar daƙiƙa ko kaɗan. Wurin mutuwar kuma yana canzawa, wani lokaci tun da wuri, wani lokaci sai ta wuce rabi. Fankar ban lura ba, zan saurara. Akwai lokacin da ta wuce wannan matakin, na zare kilen kamar yadda Dan_Dang ya ce, sai ta kawo wani ɗan akwati mai rubutu: "L'ordinateur a redémarré de manière inattendue ou a rencontré une erreur inattendue." Wato kwamfuta ta sake tashi ba zato ko ta gamu da wata matsala. Ina danna OK sai ta sake tashi ta kawo shi kuma.

Dan_Dang:
Ai wannan saƙon sananne ne. In ya fito kada ka danna OK. Danna Shift da F10 tare, baƙin akwati zai buɗe, ka rubuta regedit. Ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, Setup, Status, ChildCompletion. A dama za ka ga setup.exe, ka mayar da lambarsa daga 1 zuwa 3, ka rufe, sannan ka danna OK. A makaranta mun yi wa kwamfutoci da dama haka.

MaiGyara_Domayo:
Ƙanena Dan_Dang, dabarar tana aiki, ni ma ina yin ta. Amma ka san abin da take yi? Gaya wa Windows kawai kake cewa wancan matakin ya kammala, ya wuce gaba. Ta dace da wanda wuta ta ɗauke masa sau ɗaya ana cikin aiki. Malam Sani kuwa kwamfutarsa tana faɗuwa a wurare daban-daban tun kafin a iso nan. In ya tura ta da ƙarfi ta wuce, zai samu Windows mai gurɓatattun fayiloli, ya zuba aikin mutane a kai, bayan mako ta fara kawo shuɗin sikirin.

Yadda nake kallon abin: in a kashi ɗaya take tsayawa kullum, zargina kan kilen yake ko fayil ɗin da aka sauke ko wani ɓataccen wuri a diski. In wurin yana yawo, ina duba RAM, zafi, da wuta. Dalili kuwa, a wannan matakin ana warware wani ƙaton fayil ne mai giga da yawa, duk ta cikin RAM yake bi, furosesa kuma yana aiki iya ƙarfinsa. Kwamfutar da Word kaɗai take buɗewa tana iya shekara da lalurar RAM ba a gane ba, sai ranar ɗora Windows asiri ya tonu.

Abakar_Injamena:
Ni dai kafin a buɗe cikinta, a duba kilen. A nan Injamena na sayi wani an rubuta giga 64 a jikinsa, kwamfuta ma tana nuna 64, alhali abin da yake iya ɗauka na gaskiya bai kai ko kusa ba. Kana zuba kaya yana karɓa, in ka zo buɗewa sai ka tarar da shara. Na yi ta zargin kwamfutar wani bawan Allah, ashe kilen ne. Akwai ƙaramar manhaja H2testw, tana cika kilen da bayanai ta sake karantawa, in na jabu ne nan take za ta nuna. Rufus ma, manhajar da ake rubuta Windows a kile da ita, yana da wurin duba ɓatattun gurabe kafin ya rubuta. Malam Sani, a ina ka samu Windows ɗin, kuma da me ka ƙona shi?

Sani_Lopere:
Wani abokina ne ya turo min ISO ɗin, wato fayil ɗin ɗora Windows, daga kwamfutarsa, na ƙona da Rufus. Kilen na giga 16 ne, na daɗe ina aiki da shi.

Abakar_Injamena:
To ISO ɗin da ya bi hannu-hannu ba a yarda da shi sai an gwada. In kana da wata kwamfutar, buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin, zai ba ka doguwar lamba ta SHA256. Microsoft tana nuna ta asalin a shafin saukewa. In harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya taɓu. Da irin intanet ɗinmu mai yankewa, giga 5 ya sauka lafiya ƙalau ba kullum ba ne. Ka kuma sa kilen a ƙofar USB ta baya, ta gaba wayarta kan saki.

Hajiya_Bilki_Yelwa:
Ku kuna ta maganar kile, kun manta watan da muke ciki? Garwa ce fa, Afrilu. Da rana zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano. Ni ma shagon buga takardu nake da shi. Da aka buɗe kwamfutata bayan hunturu, ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen sanyayawa har ba a ganin tsagoginsa, mai gyara da ɗan tsinke ya riƙa ɗago ta falle-falle. Malam Sani, yaushe rabonka da buɗe ta?

Sani_Lopere:
Hajiya, tun da na saye ta sau ɗaya na buɗe, shi ma ba don shara ba.

Hajiya_Bilki_Yelwa:
To ka ji. Ka gwada da dare bayan isha'i, ka cire murfin gefe, ka kunna mata fankar tsaye.

MaiGyara_Domayo:
Shara ta zama dole, Hajiya ta yi gaskiya. In za ka hura, ka cire wayar wuta, ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen nan shi ma yana bushewa ya zama gari, kwamfutar ƙarni na 3 tun wajen 2012 aka yi su. A goge tsohon, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, kada a shafe ko'ina.

Sai dai abu guda: furosesa in ya yi zafi yakan fara rage gudu ne, fanka ta yi ta ihu, in ya kusa digiri 100 ya kashe kwamfutar gaba ɗaya. Yawanci mutuwa take ta zauna, ba ta tashi da kanta. Shi ya sa na tambayi fanka.

Ustaz_Gider:
Salamu alaikum. Ni ba masani ba ne, amma ban ga wanda ya tsaya kan wuta ba. Mu nan arewa mafi yawan wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, megawat 72 tun 1982, kuma kowa ya san in rani ya tsananta ruwa yana ja baya, ga jama'a sun ƙaru, kowa ya kunna fanka da firiji. Tashoshin sola na Marwa da nan Gider sun rage wani abu, amma har yanzu a unguwarmu da yamma ƙwai sai ya yi ja. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Ko ba wannan ba ne?

Injiniya_Baladji:
Ustaz ya taɓo wuri mai muhimmanci, bari in ƙara. Akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, alimantasiyon, in wuta ta ƙifta ba ya iya riƙe ta sai na kusan kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa. Ƙiftawar da idonka ba zai kama a ƙwai ba ta isa ta kayar da ita. In ya tsufa, kondansatocinsa sun kumbura, abin da yake riƙewa bai ma kai haka ba. Sannan a BIOS akwai zaɓin da ke sa kwamfuta ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo, to sai ka ga kamar sake tashi ta yi, alhali wuta ce ta yanke.

Malam Sani, ka ce kana da fotokofi. A soket ɗaya suke da kwamfutar? Injin fotokofi da firintar laza suna da wani sashe mai zafi da ke manna tawada, in ya kunna yana fizgar wuta mai yawa lokaci guda, ko da ba ka buga komai ba yakan ɗumama kansa jefi-jefi. In waya ɗaya suke sha, musamman irin siraran nan na kasuwa, duk fizgar da ya yi kwamfuta za ta ji a jikinta.

Sani_Lopere:
Allahu Akbar. Injiniya, duk a jona guda suke, fotokofi, firinta, kwamfuta, har cajar wayoyi.

Injiniya_Baladji:
Raba su yau ɗin nan. Kwamfuta da sikirin su samu ondular, akwatin batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, ko da ƙarami ne. Amma kada ka kuskura ka jona fotokofi ko firintar laza a bayan ondular, zai fi ƙarfinsa. Lokacin ɗora Windows ka zare su daga wuta gaba ɗaya, ka bar kibod da linzami da kilen kawai.

Moussa_Ndj:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Me ya sa Windows 10? Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 ranar daina ba shi gyaran tsaro. Tun da gogewa ake yi, ba gara 11 ba?

Dan_Dang:
Tasa ba ta cika sharaɗi ba. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfuta, kuma a Intel daga ƙarni na 8 ne zuwa sama. Rufus yana iya cire sharuɗɗan ya ɗoru, amma Microsoft ba ta yi alkawarin sabuntawa ga irin waɗannan ba.

Moussa_Ndj:
To ya sa Linux Mint mana a madadin Windows. Kyauta ne, ba ya nauyi, LibreOffice yana ciki, kuma ƙwayoyin cutar da ɗalibai ke kawowa a kile yawancinsu ba sa kama shi.

Hajiya_Bilki_Yelwa:
Ɗana Moussa, kai ba ka zauna a shago ba. Mutum zai kawo takardar da aka tsara a Word, da tebur da tambari, ka buɗe a wata manhajar layuka su goce, shafi 2 ya koma 3, shi kuma yana tsaye yana jiran ya kai ofis kafin a tashi. Ga direban firinta. Mu abin da kwastoma ya saba shi muke bi.

MaiGyara_Domayo:
A bar gardamar wanne ya fi, amma Linux yana da amfani a nan ko ba a ɗora shi ba. Ana tayar da Mint daga kile ba tare da an taɓa diski ba. In a cikinsa ma kwamfutar ta faɗi, to ka wanke Windows da ISO, matsalar a ƙarfe take. A ciki kuma akwai manhajar Disks da za ta nuna maka bayanan SMART, wato na lafiyar diskin, ko yana da ɓatattun gurabe. Diski mai juyawa da ya kai wannan shekarun abin zargi ne, shi ma nauyin da ta yi tun farko yana iya zama daga nan.

Malam Sani, ka ce sau ɗaya ka buɗe ta ba don shara ba. Don me ka buɗe?

Sani_Lopere:
Ƙarin RAM na yi. Da giga 4 ta zo, da ta fara nauyi na sayo wata sandar ta giga 4 a kasuwa na ƙara.

Ga kuma labarin daren jiya. Na zare fotokofi da firinta, na cire murfi, na sa fanka kamar yadda Hajiya ta ce. Ta yi nisa fiye da kullum, har na fara murna, sai ta faɗi. Na saurara, fankar ciki ba ta tsaya ba. Wannan karon kafin ta faɗi ta nuna lamba 0x8007025D.

MaiGyara_Domayo:
Yauwa, yanzu muka zo wurin. Wannan lambar tana nufin abin da aka karanto bai yi daidai da abin da ya kamata ba, kuma manyan masu jawo ta kile ne ko RAM. Ga sabuwar sanda ta hannu, ga fanka ba ta tsaya ba, wato wuta ba ta yanke ba. Ka yi haka: zare wayar wuta, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai. Ka buɗe 'yan maƙallan gefe ka ciro sandar da ka ƙara. Ka goge haƙoranta masu ruwan zinariya da magogin fensir a hankali, ka hure ramin. Sannan ka ƙona Memtest86+, manhajar gwada RAM, a wani kilen, ka gwada kowace sanda ita kaɗai, ka bar shi ya daɗe, in da hali ya kwana. Jan layi, wato alamar kuskure, ko ɗaya ne, ba a ɗora Windows a kai. Ka karanta min takardar da ke manne a jikin kowace sanda.

Abakar_Injamena:
Lambar nan ita ce dai ta fito min da kilen jabu. Ban janye ba, a gwada kilen.

Habiba_Kusuri:
Allah ya sa a dace. Ina bibiya, ina ƙaruwa.

Sani_Lopere:
Jama'a ga inda aka kwana. Na kai ta wurin wani mai gyara a kusa da babbar kasuwa, muka yi aikin tare. Ƙurar da ta fito Hajiya ba ki faɗi rabi ba, man furosesa kuma ya bushe ƙamas, an sa sabo. Sandunan: ta asali an rubuta PC3-12800, wadda na ƙara PC3-10600. Memtest bai nuna ja a kan kowace ita kaɗai ba, amma da muka haɗa su biyu ja ya fito. Na bar ta asalin kawai, na ari kilen mai gyaran, na dawo shago na jona ta ita kaɗai a soket. Alhamdu lillahi Windows ya hau har ƙarshe, yau na buga wa ɗalibai takardunsu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

MaiGyara_Domayo:
Madalla. RAM ce ke nan. Amma bambancin lambobin kaɗai bai isa hujja ba, 12800 da 10600 sukan zauna tare, mai saurin ta sauko ta bi mai jinkirin. Ko dai ramin na biyu ne ke da datti ko lahani, ko sandunan ne ba sa jituwa. Ka sa ta asalin a ramin da ƙarin take, ka sake Memtest. In ja ya fito, ramin ne, kada ka ɓata kuɗi kan sabuwar sanda.

Hajiya_Bilki_Yelwa:
Ni ban yarda a ɗora wa RAM ita kaɗai ba. Ya yi wata da watanni da sandunan nan biyu yana aiki, sai da zafi ya shigo abin ya ɓaci. Kuma da ya sa fanka da dare ai ta yi nisa.

Injiniya_Baladji:
A daren nan kuma ya zare fotokofi, Hajiya. Abubuwa huɗu aka canza a tare: shara, sanda, kile, soket. Jan da Memtest ya nuna gaskiya ne, amma bai wanke sauran ba. Malam Sani, maganar ondular tana nan, damina na tafe da tsawa da ɗauke-ɗauken wuta. In ka samu sarari kuma ka sa SSD, diski mai sauri mara juyawa, da giga 4 ɗin ma za ka ga bambanci.

Abakar_Injamena:
Tsohon kilen fa? Ka gwada shi da H2testw kafin ka sake zuba takardun mutane a ciki.

Sani_Lopere:
Zan yi duka in sha Allah, gwajin ramin sai ranar Lahadi da ba kasuwa. Ondular kuma ina tambayar farashi.

Yusufa_Mora:
Salamu alaikum, yanzu na karanta daga sama har ƙasa. Tawa ta hannu ce, laftof, batirin ya mutu tuntuni, da caja kawai take aiki, cajar ma ba tata ta asali ba ce. Ita tana gama kwafe fayiloli lafiya, ta ƙirga daƙiƙa 10 ɗin, ta tashi, sai a wurin da take shirya na'urori ta mutu. RAM ɗinta ɗaya ce.

MaiGyara_Domayo:
Wa alaikumus salam Malam Yusufa. Taka daban ce da ta Malam Sani. Juya laftof ɗin ka karanta bolt da amfiya da aka rubuta a ƙasanta, ka karanta na jikin cajar, ka turo mana duka biyun. Ka kuma faɗa mana ko tashi take da kanta ko sai ka danna.